Ku Tambaya Mu Amsa: Tsohon rumbun makamai, a rushe ko a bari?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato tsofaffin gine-ginen da sojoji suke ajiye makamai a da, shi ne na ce bari in haɗa su wuri guda in amsa, wanda bai ga tasa tambayar ba ya yi haƙuri fili ne ya yi kaɗan.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni dai akwai abin da ya ɗaure min kai. Akwai wani tsohon gini da sojoji suke ajiye bindigogi da albarushi a zamanin da, ya haura shekara ɗari, sojojin sun tashi tun tuni sun kwashe komai ko harsashi ɗaya babu a ciki sai jemagu da ciyawa. Yanzu wani kamfani yana so ya rushe ya yi gidaje da shaguna, sai wasu suka taso wai kayan tarihi ne kada a taɓa. Ni wallahi ban gane ba. Da wurin ibada ne ko fada ko makaranta sai in ce to, amma sito ne fa, siton kayan kashe mutane, kuma ma kayan ba sa ciki. Wane tarihi ne a jikin bango huɗu da rufi? Ko dai kawai masu son hana ruwa gudu ne? Daga wani mai karatu.

AMSA: Amin ɗan'uwa, na gode. Ni kaina ba na cikin masu cewa duk abin da ya tsufa sai an ajiye shi, in haka ne ai ba za a sake samun filin yin sabon gini a duniya ba. Inda muka rabu da kai shi ne nan da ka ce bango huɗu da rufi. Rumbun makamai ba a gina shi yadda ake gina siton buhuna, kusan kowace ƙusa a jikinsa akwai dalilin da ya sa aka buga ta, kuma in ka bi dalilin za ka tarar wani bala'i ne ya taɓa faruwa a wani wuri mutane suka ji jiki suka gyara.

Ranar 12 ga Oktoba 1654 a garin Delft na ƙasar Holan ma'ajiyar albarushi da take tsakiyar gari ta tashi, ta share unguwanni, mutum sama da 100 suka mutu har da wani fitaccen mai zane Carel Fabritius. Da suka zo sake ginawa ai ba sai an gaya musu ba, can bayan gari suka kai sabon rumbun suka kewaye shi da ruwa, kuma yana nan tsaye har yau. A 1769 kuma aradu ce ta faɗa kan wata hasumiya a Brescia ta Italiya inda aka jibge albarushi, gari ya yi kaca-kaca, wannan na cikin abin da ya sa aka dage da kafa ƙarfen kama tsawa a kan irin waɗannan gine-gine. To in ka shiga tsohon ɗakin albarushi na ƙarni na 18 ko na 19 kada ka tsaya kallon jemagu, duba kaurin bangon, duba rufin da aka yi shi da jan bulo mai baka don ko harsashin igwa ya faɗo kada ya ɓula, duba kafofin shan iska yadda aka yi su a karkace ba a miƙe ba, iska ta shiga ta busar da danshi amma tartsatsin wuta ko wani mugu mai jefo garwashi ba zai samu hanya ba. Ƙusoshi da sakata da maƙalan ƙofa na jan ƙarfe ne ko tagulla, don baƙin ƙarfe in ya gogu yana ƙyasta wuta. Daɓen katako ne an ɗaga shi sama da ƙasa saboda laima. Ma'aikaci ma sai ya cire takalminsa mai ƙusa ya sa wani mai taushi kafin ya shiga, fitila kuwa a wasu wuraren a bayan gilashi ake ajiye ta ta wani lungu daban. Ka ga duk wannan ilimi ne na mutanen da ba su da kwamfuta ba su da lantarki, kuma a jikin bangon yake rubuce. Littafi zai iya ba ka labari, amma gani ya kori ji.

Sai abu na biyu wanda ni shi ya fi burge ni. Rumbun makamai ba ya iya ƙarya game da wanda mai mulki yake tsoro. Gwamnati za ta iya faɗin duk abin da ta ga dama a takarda, amma inda ta kai bindigoginta ta ajiye da inda tagogin harbi suke kallo, nan gaskiyar take. Je ka Amurka, a birane irin su Niyok akwai manya-manyan gine-ginen dakarun sa-kai da aka yi a ƙarshen ƙarni na 19, sai ka ce fadar sarakunan Turai na da, ga hasumiya ga ƙananan tagogi ga ƙofa mai kauri, kuma a tsakiyar unguwa ba a bakin iyaka ba. Wane abokin gaba ne zai zo tsakiyar Niyok a lokacin? Babu. Bayan tarzomar 1863 da babban yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na 1877 ne masu kuɗi da masu mulki suka tsorata da nasu talakawan, shi ne aka yi ta zuba waɗannan gine-gine. Ɗaya daga cikinsu da ke titin Park Avenue, na runduna ta bakwai, 'ya'yan attajirai ne mambobinta kuma da kuɗin aljihu aka gina shi, ɗakunan ciki har su Louis Comfort Tiffany, fitaccen mai zane da aikin gilashi, aka ɗauko suka ƙawata, ga zauren fareti da ya haura murabba'in mita 5,000 babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Gini ɗaya ya gaya maka wa ke da kuɗi, wa ke da bindiga, wa ake tsoro. In ka rushe shi ka yi shaguna wa zai gaya wa jikanka wannan?

Haka kuma saboda nan ne ƙarfin hukuma yake a tare, duk wanda ya tashi juya ƙasa nan yake fara nufa. Kowa ya san labarin kurkukun Bastille na 14 ga Yuli 1789, amma ba kowa ya san cewa da safiyar ranar mutanen Faris sai da suka fara afka wa ginin Invalides, gidan tsofaffin sojoji inda aka ajiye makamai, suka kwashi bindigogi wajen 30,000 ba, sannan suka wuce Bastille neman albarushin da za su ɗura. Wato juyin juya halin Faransa ma a ƙofar sito ya fara tafasa, siton da kake rainawa.

Kuma kada ka manta da masu aiki a wurin, don mu in an ce tarihin soja sai hankalinmu ya tafi kan janar-janar. Ba janar ne ya cika rumbu ba, maƙera ne da kafintoci da dukawa da masu tuƙa igiya da mata masu ɗura harsashi. A Benis ta Italiya akwai ma'aikatar jiragen yaƙi da makamai da ake cewa an faro ta tun 1104, lokacin da take tashe dubban mutane ne suke aiki a ciki, kowa da abin da yake haɗawa jirgi yana wucewa daga wannan hannu zuwa wancan, ɗaruruwan shekaru kafin a san wani abu wai shi masana'antar mota. Akwai wani dogon gini a ciki ya haura mita 300, ka san me ya sa aka yi shi da tsawo haka? Igiyar jirgi ake tuƙawa a ciki, kuma igiya sai an miƙe ta. A Springfield ta Amurka kuma, wadda ta yi ta ƙera wa soja bindigogi daga 1795 har aka rufe ta a 1968, nan ne aka yi ta gwajin yin sassan bindiga iri ɗaya sak yadda in kunamar wannan ta lalace za ka ciro ta wata ka sa ta zauna, kuma injin Thomas Blanchard mai sassaƙa gindin bindiga na katako yana kwaikwayon samfur yana nan a wurin ana nuna shi. Wannan dabarar ce daga baya ta shiga keken ɗinki da agogo da keke da mota. Yau in ka je kanti ka sayi safaya ta shiga injinka ba tare da an kai wa maƙeri ya goge ba, to akwai hannun gidajen bindiga a ciki, ko ka so ko ka ƙi.

Maganar cewa babu kayan a ciki, eh ka yi gaskiya, da suna ciki da darajar ta ninka. Amma irin wannan ba shi da yawa a duniya. Wanda aka fi misali da shi shi ne na Graz a Ostiriya, an fara gina shi a 1642 kuma har yau akwai kaya wajen 32,000 a ciki, sulke da kwalkwali da masu da takubba da bindigogi, a jere hawa-hawa a inda aka san su. Shi ma saura ƙiris ya tafi, don a 1749 sarauniya Maria Theresa ta so a rufe shi a kwashe, mutanen yankin suka yi ta roƙo aka bar musu, kuma a lokacin na tabbata akwai masu ce musu 'yan hana ruwa gudu. Sauran wurare yawanci kayan sun watse, wasu an sayar wasu an narkar wasu gobara ta ci, kamar yadda babban siton makamai na Hasumiyar Landan ya ƙone a 1841. Bindiga dai ana ɗaukar ta a mota a kai ta wani gari, Ingila ma a 1996 ta kwashi yawancin tarin makamanta na tarihi daga Landan ta kai sabon gidan tarihi a Leeds. Gini kuwa ba ya shiga mota, inda aka kafa shi ɗin yana cikin labarin.

To shin naku ya cancanci a bari? Ban gan shi ba, ba zan yanke hukunci daga kan kujera ba. Masana a ƙasar Ostireliya sun fitar da wata ƙa'ida a 1979 a garin Burra wadda ƙasashe da yawa suke aro, ita ce a tambaya, shin wurin yana da daraja ta fuskar fasali, ko ta tarihi, ko ta ilimi, ko a zukatan mutanen da suke kewaye da shi. Ni nakan taƙaita ta da tambaya ɗaya, in aka rushe wannan gobe, me za mu rasa wanda ba za mu same shi a wani wuri ba? In akwai irinsa hamsin da suka fi shi lafiya kuma shi an riga an canja masa kama an cire komai, to a ɗauki hoto a auna a zana taswirarsa a ajiye, a yi gidaje Allah ya sa albarka. In kuwa shi kaɗai ya rage, ko wani babban abu ya faru a ƙofarsa, to kamfanin nan ya yi haƙuri. Kuma ma ba dole ne sai ɗaya ya kashe ɗaya ba, a Woolwich ta Landan tsofaffin gine-ginen ma'aikatar makamai ne aka mayar gidajen kwana da ofisoshi mutane na ciki suna zaune. Sai dai rusau ya fi wa ɗan kwangila sauƙin lissafi, shi ya sa kullum shi yake fara kawowa.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce ina karanta tarihi. In rumbun na 'yan mulkin mallaka ne ko na wani azzalumin shugaba, da makaman cikinsa aka kashe kakannin mutane, ba cin fuska ba ne a ce a kashe kuɗi a gyara shi? Ni a ganina rushe shi ma ibada ce.

AMSA: Ƙanwata na ji zafin da ke cikin maganarki kuma ba zan ce ki daina jin sa ba. Amma ki bambance abu biyu, akwai abin da aka kafa don a girmama mutum kamar gunki a tsakiyar shataletale, akwai kuma abin da aka yi don aiki ya zama shaida daga baya. Gunki yabo ne, in an sauke shi ni ba ni da ta cewa. Rumbun makamai kuwa ba yabon kowa yake ba, hujja ce, kuma ke da kike karanta tarihi kin fi ni sanin cewa wanda ya fi kowa murna in hujja ta ɓace shi ne wanda ya yi laifin. Yau kina da bangon da za ki nuna ki ce ga inda suka tara bindigogin, ga yadda suka sa shi a kan tudu yana kallon gari. Shekara hamsin bayan an rushe wani zai rubuta cewa ai zaman lafiya aka yi kowa na dariya, ke kuma ba ki da abin nunawa.

Sannan sau da yawa ginin ba na azzalumin kaɗai ba ne, waɗanda suka yi masa tawaye su ma sun rubuta nasu a jiki. A Dublin akwai wani sansanin ajiye albarushi da Turawan Ingila suka gina a 1735 cikin lambun Phoenix, 'yan gwagwarmayar Ailan sun kai masa hari a boren 1916, da ƙasar ta samu 'yancin kanta ba ta rushe shi ba. A Chittagong ranar 18 ga Afrilu 1930 wani malamin makaranta Surya Sen ya jagoranci matasa suka afka wa rumbunan makaman Turawan mulkin mallaka, har yau da wannan harin ake tuna shi a Indiya da Bangaladash. A Delhi ƙofofin tsohuwar ma'ajiyar albarushin da sojojin Ingila suka fasa da hannunsu a 1857 don kada ta faɗa hannun masu bore suna nan a tsakiyar titi motoci na wucewa.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne na Harpers Ferry. A Oktoba 1859 wani mai adawa da bauta John Brown da mutanensa 21 suka kama ma'aikatar makaman gwamnatin Amurka da niyyar raba wa bayi bindigogi su 'yanci kansu, aka ritsa su a wani ɗan ƙaramin ɗakin ajiye injin kashe gobara, aka kama shi aka rataye shi ranar 2 ga Disamba. Yaƙin basasa ya cinye ma'aikatar gaba ɗaya sai ɗan ɗakin nan ya tsira, kuma kin san su wa suka fi riƙe shi da daraja? Baƙaƙen fatar Amurka, jikokin bayin. Sau huɗu ana ɗauke shi ana kai shi wani wuri, har Chicago ya je ya dawo, ya yi shekaru a harabar wata kwalejin baƙaƙe, kafin a 1968 a maido shi kusa da inda yake tun asali. Ginin gwamnatin da ta halatta bauta ne fa, amma su suka ce namu ne.

Abin da zan goya miki baya a kai ɗari bisa ɗari shi ne allon bayanin da za a kafa a ƙofa. In an gyara gini aka rubuta sunayen kwamandoji kawai aka bar waɗanda aka harba, to nan ne cin fuskar take, kuma nan ya kamata ku ɗalibai ku tayar da jijiyar wuya.

TAMBAYA: Malam don Allah raba mu gardama da abokina, wai gaskiya ne sunan kulob ɗin Arsenal daga gidan makamai ya samo asali? Shi ya ce ƙarya ne igwar jikin tambarin ado ce kawai.

AMSA: Ɗana je ka karɓi abin da kuka sa, kai ka ci. Ma'aikatan gidan makamai na Woolwich da na ambata a sama, wanda ake kira Royal Arsenal, su suka kafa kulob ɗin a 1886, sunansa na farko Dial Square, sunan wani sashe ne a cikin ma'aikatar, sai a 1913 suka ƙaura arewacin Landan suka tafi da sunan Arsenal da igwar. Wurin ba ƙarami ba ne, a Yaƙin Duniya na Ɗaya mutum wajen 80,000 ne suke aiki a ciki. Ƙarin da zan yi maka kyauta, ita kanta kalmar asalinta Larabci ce, darus sina'a, wato gidan sana'a, ta bi ta bakin 'yan kasuwar Italiya ta shiga harsunan Turai ta lanƙwashe. Ka ga sana'ar nan da muke faɗa kullum da sunan kulob ɗinku uwarsu ɗaya. Maganar ko za ku ci kofi kuma ba a wannan filin ake amsa ta ba.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni tsoro nake ji, gidanmu ba shi da nisa da irin wannan tsohon gini kuma yara suna shiga wasa. Ba zai iya fashewa ba? Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya tsoronki yana kan hanya, kuma wannan ya sha gaban duk maganar tarihi da muke yi. Bango shi kaɗai ba ya fashewa, amma wurin da aka yi shekaru ana ajiye harsasai ba a cewa babu komai don kawai an leƙa an ga wayam, akan samu abin da aka binne ko ya faɗa rijiya ko aka manta a ƙarƙashin daɓe, kuma tsohon bam da ya yi tsatsa ya fi sabo saurin fushi. Bayan wannan akwai gubar dalma a ƙasa da jikin tsohon fenti, wadda take taɓa ƙwaƙwalwar yara, ga rufin da zai iya ruftowa. Ki hana su shiga, ki ja musu kunne duk wani ƙarfe da suka gani mai kama da kwalba ko gwangwani kada su taɓa balle su kai wa masu sayen ƙarfe, ku haɗu da maƙwabta ku rubuta wa hukuma a turo masu kwance bam su bincika a kuma toshe ƙofar.

Tarihi da albarushi dama ba sa zama ɗaki ɗaya. Shahararren ginin nan Parthenon na Atina ya yi shekara wajen 2,000 da rufinsa, sai da sojojin Daular Usmaniyya suka mayar da shi ma'ajiyar albarushi, ranar 26 ga Satumba 1687 dakarun Benis suka jefa masa harsashin igwa, kangon da kike gani a hoto yau sakamakon wannan daren ne. Shi ya sa yarjejeniyar Hague ta 1954 da take kare kayan tarihi lokacin yaƙi ta ce kada a yi amfani da su wajen aikin soja, don in aka yi kariyar tana iya faɗuwa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni magini ne shekara ashirin ina aiki. An sa ni cikin kwamitin da zai duba gyaran wani tsohon rumbun makamai na jan bulo. Shawarata ita ce a yaɓe shi da siminti ciki da waje a sa tayil a canja tagogi zuwa na alminiyom ya fito fes, wani injiniya ya ce in na yi haka na kashe ginin. Ni ban ga laifin siminti ba. Kuma in an gama gyaran me za a yi da shi?

AMSA: Maigida, shekara ashirin ba wasa ba ce kuma na san hannunka ya san aiki, amma a wannan karon bi maganar injiniyan nan, kada garin neman gira a rasa ido. Tsohon bulo da farar ƙasa aka ɗaure shi ba da siminti ba, ita farar ƙasa tana da laushi tana barin danshi ya fita, kuma in gini ya ɗan motsa tana bin sa. Siminti ya fi tsohon bulon ƙarfi kuma ba ya barin ruwa ya wuce, in ka yaɓe bangon da shi laimar da ke tasowa daga ƙasa ta rasa hanyar fita sai ta tsaya a ciki ita da gishirin da take ɗaukowa, shekara kaɗan za ka ga yaɓen yana ɓamɓarowa da fuskar bulon a manne a bayansa. A ido ranar buɗewa zai yi kyau a yi ta tafi, amma gyaran gangar auzinawa ne. Ka nemi irin kwaɓin da aka yi ginin da shi tun farko, ka cike inda ya zube kawai.

Kuma kada ku fara da fenti, ku fara da sama. Abin da yake kashe tsohon gini ruwa ne, rufi mai yoyo, indararo da ya toshe, bishiyar da ta tsiro a tsagar bango saiwarta na buɗa shi. Ku tsayar da ruwa tukuna, ku ɗauki hoton kowane lungu ku auna kafin a taɓa komai. Ƙofofin nan masu nauyi da sakatun jan ƙarfe da kafofin iska na karkace da lambobin da aka rubuta a bango, ko ƙugiyoyin da ake rataye bindigogi, kada wanda ya cire don sun tsufa, su ne ginin, in ka cire su ka sa alminiyom ka samu sito mai kyau amma ka rasa abin da ya sa aka kafa kwamitin. Yarjejeniyar Benis ta 1964 da masu wannan aiki suke bi ta ce gyara ya tsaya a inda zato ya fara, wato abin da ba ka da tabbacin yadda yake a da kada ka ƙirƙiro shi, kuma sabon da ka ƙara a iya gane sabo ne.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mai wuyar, kuma ita ya kamata ku fara amsawa kafin a sayi ko buhu ɗaya. Gini in babu mai buɗe shi da safe ya rufe da yamma, babu mai ganin yoyo ranar da ya fara, duk kuɗin da kuka zuba shekara goma ya koma gidan jemagu. A unguwar Bronx ta Niyok akwai ƙaton rumbun Kingsbridge, yana cikin mafiya girma a duniya, doka ta hana a rushe shi amma ya shafe sama da shekara 20 a rufe ana ta kawo tsari ana watsarwa. Na Park Avenue kuwa da ya fara lalacewa aka miƙa shi ga wata ƙungiya ta mayar da zauren faretin wurin wasanni da nune-nune, wani a arewacin Manhattan ya zama filin tseren cikin ɗaki da yaran makaranta suke gasa. A Santambul tsohuwar majami'ar Aya Irini da Usmaniyawa suka mayar rumbun makamai a farfajiyar fadar Topkapi, a 1846 aka fara tara kayan tarihi a cikinta, yanzu har taron kiɗa ake yi saboda yadda sauti ke tashi a ciki. Rumbun makamai na Balin, wanda aka fara a 1695, shi ne gidan tarihin ƙasar Jamus, kuma in ka shiga tsakar gidansa ka ɗaga kai za ka ga fuskoki 22 na mayaƙa suna fitar rai da Andreas Schlüter ya sassaƙa a saman tagogi, a cikin gidan da aka gina don alfahari da yaƙi.

Ba kowane ne zai zama gidan tarihi ba, kuma kada ku maƙale a nan don gidan tarihi ba ya ciyar da kansa. Faɗin zauren da rashin ginshiƙai da kaurin bangon da ke riƙe sanyi su ne jarinku, ɗakin karatu zai zauna, wurin koyon sana'a zai zauna, ma'ajiyar tsofaffin takardu ma za ta zauna in an magance laima. Ku ware ɗaki ɗaya ku bar shi yadda yake da ƙugiyoyinsa da lambobinsa don mai son gani, ku nemo tsofaffin da suka yi aiki a wurin ko 'ya'yansu ku naɗi muryarsu tun suna da rai, sannan duk wanda za ku ba wa haya a rubuta a takardar cewa ba zai fasa bango ya buɗe sabuwar ƙofa ba sai kwamiti ya sa hannu.